Yadda na ɗora wa keken Baba inji

Ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ban kawo a raina cewa maganar za ta kai ni ga tsohon keken mahaifina ba. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500, kuɗin mota ya bi bayanta. Ni malamin makaranta ne, tsakanin gidana da wurin aiki kilomita 12 ne. Da na yi lissafi, sai na ga kusan rabin albashin a hanya yake ƙarewa. In kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya.

Keken Raleigh ne baƙi, ƙirar Nottingham ta ƙasar Ingila, irin mai birkin sanda da kejin sarƙa. Da shi Baba, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara da shekaru yana zaga ƙauyuka a matsayin malamin gona. Tun rasuwarsa keken ke jingine a soro. Da na gaya wa Inna niyyata ta ɗora masa inji, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "To, amma kada a huda shi, kada a kai shi wurin mai walda." Na yi mata alkawari, alhali ban taɓa riƙe sifana da sunan gyara ba.

Injin da na samu ƙarami ne ƙirar China, mai ƙarfin cc 66, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ya zo da tankin lita 2, kafireto, salansa, totur, hannun kuloci da faifan sarƙa mai haƙora 44. Na ɗauka aikin yini guda ne. Sai da ya ci mini Asabar shida.

Zama a cikin firam bai ba ni wahala ba, domin tsofaffin kekunan nan suna da fili a tsakiya. Kejin sarƙa ne ya fara tare hanya, na kwance shi na adana. Sai ƙafar baya. Faifan yana da noti 9, an yi shi ne don ƙafa mai sifok 36, ita kuwa ta Baba 40 gare ta, kamar yadda Ingilishi suka saba ƙerawa. Na tilasta shi ya zauna a karkace. Ranar gwajin farko ban yi nisa ba sarƙa ta goce, ta cinye sifok uku.

A nan girman kai ya ƙare. Na tura keken wurin wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwarmu. Ya shafa firam ɗin kamar mai gaisawa da tsohon aboki, ya ɗaura mini sabuwar ƙafa mai sifok 36, ya nuna mini yadda ake miƙa zare daga faifan inji zuwa na baya don su daidaita. Sannan ya matsa birkin ya ce, "Malam, ka tanadi abin da zai tafi da kai. Me ka tanada da zai tsayar da kai?" Na ce, "Baba, ai birkin yana ci." Murmushi kawai ya yi.

Mako biyu bayan haka na gane murmushin. An yi yayyafi da asuba, ina tafe da gudun da ya kusa kilomita 40 a awa, sai ga wata yarinya da farantin talla ta ratso titi. Na damƙe birki, robar ta riƙa sulɓi a kan jiƙaƙƙen ƙarfe kamar ba a taɓa ta ba. Na karkatar da kan keken na faɗa kwata. Yarinyar ta wuce lafiya, ni na tashi da gwiwa a fashe. Birkin sanda an yi shi ne don gudun ƙafar mutum, ni kuwa na ninka masa gudun na bar shi yadda yake. Da Allah bai kiyaye ba, da tsimin kuɗin mota ya ja mini alhakin rai.

Washegari na koma wurin dattijon ina ɗingishi. Bai ce mini komai ba. Muka sa birki mai ganga a ƙafar gaba, muka sabunta robobin baya, na sayi hular kwano. Na kuma ɗora wa kaina doka: ba na wuce kilomita 25 a awa cikin gari, kuma duk Juma'a sai na bi notuna ɗaya bayan ɗaya na ɗaure, domin girgizar injin tana kwance su.

Na san matsin rayuwa zai tura wasu ga irin wannan dabara, kuma ban ga laifinsu ba. Lita ɗaya tana kai ni aiki ta dawo da ni har da saura. Shawarata ga mai niyya ita ce ya fara da birki kafin inji, ya sa a duba masa firam ko akwai tsaga, ya kuma nemi masu sana'ar tun kafin ya ɓata, domin matambayi ba ya ɓata.

Alkawarin Inna dai na cika shi. Ba a huda keken ba, walda ba ta taɓa shi ba. Kejin sarƙar da tsohuwar ƙafar suna ƙarƙashin gadonta, duk ranar da aka so mayar da shi yadda Baba ya bar shi, aikin yini guda ne.