Toka da Sifirin Ɗin Sallah

Sau ɗaya na taɓa jin kukan zomo, kuma ba na fatan Allah Ya sake jiyar da ni. Akwai waɗanda suka shekara goma suna kiwon zomaye ba su san suna da murya ba. Ni na ji ta da asuba, kwana uku bayan Babbar Sallar da ta faɗo a Janairun 2005, a gidanmu na Tudun Wadan Zariya, ina ɗan shekara 13. Ƙara ce siririya mai tsini, kamar ta jaririn da aka soka wa allura. Umma tana alwala a bakin rariya, sai da buta ta suɓuce mata.

Toka muke ce wa zomanyar saboda launin gashinta. Kawu ne ya kawo mini ita a kwalin sabulu tana 'yar wata biyu, na haɗa mata keji da ɓallin katako da ragar waya a bayan madafa. Da damina ba ta da matsala. In na taso daga makaranta sai in bi bakin lambu in yago mata ganyen dankali da ɗanyar ciyawa, ta wuni tana tauna. Da hunturu ya kama, komai ya bushe, sai ta koma dusa da ɓawon kabeji in an samu. Akwai harawa a gidan, amma ta ragon layya ce, Baba ya ce kada wanda ya taɓa. A kwanakin nan ta fara gaigayar katakon keji, dare da rana, har ta cinye kusurwa guda. Na ɗauka kaɗaici ne ke damunta. Na ce a raina abin wasa take so.

Ranar Sallah, da muka dawo daga kallon hawa a ƙofar fada, na tarar da mai tallan kayan wasan yara ya baza hajarsa a kan baro. Cikin balan-balan da bindigogin ruwa na hango wani sifirin na roba mai launin bakan gizo, irin wanda in ka ɗora shi a kan matakala sai ya riƙa sauka da kansa, taki bayan taki. Duk kuɗin barka da sallata na zube masa. Kwana biyu ina wasa da shi, a rana ta uku na tuna da Toka, na kai mata shi.

Ba zan ɓoye maka ba, abin da na gani ranar ya faranta mini rai, har yau in na tuna sai na ji daɗinsa kafin ɗacin ya biyo baya. Ta shinshina shi, ta ja da baya, ta dawo ta cafke shi da haƙori ta wurga sama. Ya miƙe ya dawo ya daki hancinta. Sai ta yi wani tsalle, ta murɗe jikinta a iska, abin da rabona da in gani tun damina. Ƙannena suka taru suna shewa. Da magariba ta yi, sai na maƙale baki ɗaya a jikin ragar, na bar ɗayan yana lilo, don in ta farka cikin dare ta samu abokin hira.

Da asuba sai muka ji ƙarar nan. Da muka isa kejin da fitilar ƙwai, ƙafarta ta baya ta shige tsakanin zobban, ta juya, ta sake juyawa, robar ta nannaɗe ta shaƙe ta kamar tarko. Duk shurin da ta yi ƙara ɗaurewa yake. Idanunta sun firfito, ƙirjinta na bugawa kamar zai fashe. Na kai hannu zan kama kunnuwanta, Baba ya daka mini tsawa, ya fizgi zanen da ke kan igiya ya lulluɓe ta, ya rungume ta a ƙirjinsa, Yaya ya datse robar da almakashi. Daga baya na san cewa zomo in ya yi mugun shuri ba a tallafe bayansa ba, yana iya karya ƙashin bayansa da kansa. Ƙafar ta kumbura amma ba ta karye ba. Kowa ya ce alhamdu lillahi, aka tafi masallaci.

Ni na tsaya tsince guntayen. A nan na lura sifirin ɗin ya rage tsawo. Wajen kore da rawaya babu kusan zobe biyu, bakin da ya rage duk shatin haƙori ne. Na laluba ƙasan keji, na tona dusa, ban samu ko ɓarɓashi ba. Gabana ya faɗi. Na cusa ragowar a aljihu na yi shiru, don ina tsoron a ce ni na jawo.

Wunin ranar ba ta ci komai ba. Ta takure a kusurwa, ta dunƙule, ido rabi a rufe, kunnuwa sun yi sanyi ƙalau. In ka kasa kunne sai ka ji tana cizon haƙora, ƙaras-ƙaras. Kullum da safe nakan share kashinta, ƙwayoyi kamar 'ya'yan carbi, cike da murfin kwano. Ranar har la'asar ko ɗaya babu. Umma ta ce firgita ce, za ta ware. Kaka ta ce a ɗura mata manja. Ni kaɗai na san abin da ke cikin cikinta, robar kuma tana sukar cinyata ta cikin aljihu.

Sai bayan isha'i na iya zuwa na durƙusa a ƙofar turakar Baba na miƙa masa. Ya juya ta a hasken fitila ya daɗe yana kallo. Bai buge ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Tun da asuba ka san wannan, ka bar baiwar Allah tana wahala?"

Gari na wayewa ya goya ni a babur, Toka na cikin kwali a cinyata na rufe ta da tsohuwar rigar sanyi, muka nufi asibitin dabbobi. Hazo ya rufe hanya, hawayena na bushewa a kumatu kafin su sauka. Likitan dattijo ne mai sanyin hannu. Ya daddanna cikinta a hankali, ya kara abin sauraro ya daɗe. Sannan ya dube ni, ba Baba ba, ya ce, "Ɗan samari, zo ka ga wani abu." Ya ɗaga leɓenta. Ya ce haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaban nan sukan ƙaru da kusan milimita 2 duk mako, dole ya samu abu mai ƙarfi ya riƙa tauna don su goge. Cin katakon da take yi ba rashin ji ba ne, ciyawa take nema. Ya ce zomo ba ya amai, duk abin da ya haɗiya hanya ɗaya gare shi. Hanjinsa kuma so yake ya yi ta aiki ba tsayawa, in ya kai awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, to a garzaya da shi. Mu mun haura awa 24.

Baba ya ce, "Likita, akwai rai?" Ya ce tumbinta bai kumbura ya yi tauri ba, alamar hanyar ba ta toshe gaba ɗaya ba, da ta toshe sai tiyata, kuma ɗura a wannan hali kisa ne. Ya yi mata allurar rage zafi, ya sa mata ruwa a ƙarƙashin fatar wuya, ya hana manjan, ya ba ni sirinji marar allura.

Da muka dawo Baba da kansa ya kwance ragowar harawar ragon. Umma ta daka ganyen a turmi, ta tankaɗe, ta dama da ruwan ɗumi. Nakan naɗe Toka a zane, in zura bakin sirinjin ta gefe, inda akwai giɓi a bayan haƙoran gaba, in matsa kaɗan, in jira ta haɗiye. Rabin abin a rigata yake ƙarewa. Cikin dare nakan tashi in sake ruwan zafin kwalbar da na naɗe a tsumma kusa da ita. Ƙasan kwalin na shimfiɗa farar takarda don kada ko ƙwaya ɗaya ta wuce ni.

A safiya ta uku na ga guda huɗu, ƙanana, busassu, ba su kai rabin na da ba. Na murƙushe ɗaya da yatsa, sai ga ɗan koren abu yana ƙyalli, bai fi ƙwayar gero ba. Na kwasa a guje zuwa wurin Baba da kashin zomo a tafin hannuna, ina kuka ina dariya. Da yamma ta ja sandar harawa ɗaya da kanta.

Na girma kafin in san cewa wani injiniyan jiragen ruwa a Amurka, Richard James, shi ya fara tunanin irin wannan abin wasa a 1943, na ƙarfe, kuma don hannun yara aka yi shi. Yanzu har da ƙanana ake sayarwa don kyanwa, ina kuma ganin masu zomaye suna jefa musu. Kyanwa da hannu take mari, zomo kuwa komai da haƙori yake gwadawa. Na ƙarfen ma bai tsira ba, ko bai tauno ba zai iya kama ƙafa ko wuya, bakinsa kuma in ya lanƙwashe yana yanka. Wasu na cewa in kana tsaye a kai ba laifi. Na yarda akwai zomon da wurgi kawai zai yi. Amma tun ina tsaye a bakin kejin nake jin ƙaras ɗin haƙorin Toka a jikin robar, ban san gutsura take yi ba.

Ta ƙara shekara biyar a duniya, ta haihu sau da dama, ƙafar na ɗan ɗingishi in sanyi ya yi. Bara 'yata ta zo da irin sifirin ɗin nan daga yawon Sallah, ta nufi kejin zomonta da shi. Na ce, "Mamana, zo nan tukuna." Muka zauna a tabarma, muka huda kwalin sabulu ta gefe biyu, muka cusa masa harawa har ya cika, ita ta kai masa da hannunta.