Kwana biyar a Zell am See, gindin duwatsun Alps

Da muka gaya wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, cewa da ita za mu je hutu Ostiriya, abin da ta fara tambaya shi ne, "To me za mu ci, a ina kuma za mu yi salla?" Mun yi dariya a lokacin, amma da tambayar nan muka yi ta fama duk kwana biyar ɗin da muka yi a Zell am See, wani ƙaramin gari a jihar Salzburg da ke bakin tafki, duwatsun Alps sun kewaye shi.

A watan Yuli muka isa, ta jirgin ƙasa daga birnin Salzburg, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. A irin wannan lokaci Larabawan ƙasashen Tekun Fasha kan cika garin don gudun zafin gida. Saboda haka a cikin gari ba mu sha wuya ba: ga gidajen abinci masu rubutun halal, ga mata da hijabi suna yawo bakin ruwa ba mai kallonsu. Mun kama gida mai ɗakin girki, shi ya sa yara ba su rasa shinkafa da miyar da suka saba ba.

Inda ake bukatar lura shi ne saman dutse. Mun shiga motar igiya daga Kaprun muka hau Kitzsteinhorn, mai tsawon mita 3,203, har wurin kallo da ke mita 3,029, inda ƙanƙara ke nan ko a tsakiyar bazararsu. A can abincin gargajiyarsu ne ya fi yawa. Schnitzel, soyayyen naman da suka shahara da shi, sau da yawa na alade ne. Ki haddace kalmomi uku na Jamusanci: Schwein, Speck da Schinken, duk alade suke nufi. Ni kaina na kusa ba ƙaramar 'yata wata miya da na zaci ta ganye ce zalla, sai maigidan ya hango gutsattsarin nama a ƙasan kwano. Tun daga nan ba ma cin komai sai mun tambaya. Ko kayan zaƙinsu, Kaiserschmarrn, wasu kan jiƙa zabibin cikinsa da giya. Kifi da Kasnocken, wato taliyar cuku da albasa, su suka fisshe mu, shi ma bayan mun tabbatar ba a sa masa nama ba.

Lokutan salla ma sun bambanta da namu. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, alfijir kuma tun wajen uku ya keto. Mun yi ƙasaru da jam'i irin na matafiya, muna fuskantar kudu maso gabas, wani lokaci a kan ciyawa bakin tafki.

Sai abubuwa biyu, 'yar'uwa. Ostiriya ta amince da Musulunci a hukumance tun 1912, amma tun Oktoban 2017 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, tarar kuma kan kai Yuro 150. Hijabi ba laifi, niƙabi ne ba a yarda da shi ba. Sannan ɗakunan gasa jiki da tururi na otal-otal galibi maza da mata ne haɗe, kuma ba tufafi, don haka a tambaya kafin a tura yara.

Ranar da za mu taho na tuna wa Hajiya tambayarta. Ta ce ba ta kwana da yunwa ba, salla ko ɗaya kuma ba ta wuce ta ba. Abin da kawai ya ba ta haushi, ƙanƙarar da ta dunƙula a saman dutse don ta nuna wa jikokinta na Kano ta narke tun kafin mu sauko.