Dogon Baro Zuwa Kano: Yadda Ya Shigo Mana Har Madafi

Yau zancen jirgin ƙasa na kawo miki, kuma na san za ki ce me ya haɗa matar aure da ƙarfen dogo. To ki ɗan yi haƙuri ki biyo ni, domin kuwa da wuya a sami gida a Kano, Zariya ko Kaduna wanda dogon nan bai taɓa shi ba, ko ta tukunya ko ta dangi.

A shekarar 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa layin dogo na farko da ya nufi Kano, a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Daga Baro aka faro shi, wani ƙaramin gari a bakin kogin Kwara, cikin Jihar Neja ta yau. Dalili kuwa shi ne jiragen ruwa kan iya hawowa daga teku har Baro idan kogi ya cika, su sauke ƙarafa da injuna. Daga nan layin ya bi ta Minna, Kaduna da Zariya, tsawon sama da mil 350, ya iso Kano a 1911. Kada ki ɗauka cikin daɗi aka yi aikin. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗebo magidanta daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba, su bar mata da 'ya'ya da gona su je saran daji da ɗaukar ƙasa. Allah Ya ji ƙan waɗannan bayin nasa.

A 1912 aka haɗa shi da layin da ya taso daga Legas, a Minna. Da farko idan jirgi ya zo Jebba sai a ɗora taragunsa a jirgin fito a haye da su, har sai da aka kammala gada a 1916. Tun daga nan tauraruwar Baro ta fara dushewa, kowa ya koma bin hanyar Legas. Daga baya layin ya yi rassa, ɗaya daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, wani zuwa Ƙaura Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, Bature auduga ya yi wa hanya, don masaƙun Ingila su sami abin saƙa. Amma manomin Kano ya duba ya ga masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, sannan gyaɗa idan ba ta yi kuɗi ba aƙalla yara za su ci. Sai ya shuka gyaɗa. Tun a 1912 buhunan gyaɗa suka taru a tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa, kuma wannan shi ne mafarin dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna a kanta.

To ina mu mata a cikin wannan? A nan ne zancen ya zo kanki, uwargida. Kafin jirgi, kaɗi shi ne babbar sana'ar matar kulle. Da mazarinta da alli take haɗa kuɗin kayan ɗakin 'yarta. Da jirgi ya fara sauke akoko da alawayyo da atamfa masu araha, sannu a hankali zaren hannu ya rasa kasuwa, har muka wayi gari yau yarinya ba ta san ko mene ne abawa ba. Sai dai iyayenmu ba su naɗe hannu ba. Gyaɗar da ta cika gari suka kama, suka riƙa suya da matsa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka riƙe gidaje masu yawa. Haka kuma jirgin nan ne ya yawaita gishirin kanti da kananzir da kwanukan da suka ture ƙwarya da akushi daga jeren amarya. Ni dai a ganina an sami sauƙi, amma kuma tun daga lokacin kayan ɗaki suka koma abin saye da gasa, nauyin da har yau iyaye mata ke nishi a ƙarƙashinsa.

Sai kuma goro. A da fatake kan yi watanni a hanyar Gwanja da jakuna, mace ta yi shekara ba ta ga mijinta ba, wani ma shi ke nan. Da dogo ya zo, sai goro ya riƙa biyo teku zuwa Legas, jirgi ya kawo shi Kano cikin 'yan kwanaki. Wannan ya sa Hausawa suka yi zango a garuruwan da layin ya ratsa, kamar Agege da Sabon Ibadan, wanda aka kafa a 1916. Su ma mutanen Kudu jirgin ne ya kawo su, aka yanka musu Sabon Garin Kano a 1913. Kaduna kuwa, da ba don dogo ba da wuya ta zama hedikwatar Arewa a 1917.

Mu ma gidanmu muna da namu rabon. Ƙanwar kakata aka kai aure Agege, gidan wani mai sayar da goro. Kakata takan ba mu labarin yadda duk bayan sallar layya take haɗa daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da dambun nama, ƙaninta ya raka ta, su kwana a hanya, ana sallah a zaune idan wuri ya ƙure, ana sayen rake da dafaffen ƙwai ta taga. Kuɗin jirgi bai fi ƙarfin talaka ba, kuma ba a ƙyamar kaya komai yawansu. Ta dawo da huhun goro da turmin atamfa, da labarin wa ta haihu, wa aka sa wa rana. Da wannan zirga-zirgar aka riƙe zumunci shekara da shekaru.

Da fari da cutar gyaɗa suka zo a shekarun 1970, ga kuɗin man fetur, dala ta ɓace, manyan motoci suka ƙwace kaya, reluwe ta shiga halin ni-'yasu. An farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a 2012, amma bai koma yadda yake a da ba. Yau jikokin wannan baiwar Allah suna can Legas, ban san fuskar ko mutum biyu daga cikinsu ba, alhali a aji kullum ina karantar da yara girman haƙƙin zumunta da haɗarin yanke ta. Da na tambayi ɗalibaina mene ne layin dogo, wata cewa ta yi wurin da ake baza gwanjo ne.

Gaskiya ne an buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, kuma a 2021 an ƙaddamar da aikin na Kano zuwa Maraɗi. Amma harin da aka kai wa jirgin Kaduna a watan Maris na 2022 ya sa mata da yawa ɗari-ɗari, sannan tambayar da nake yi ita ce ko tsohuwa mai ƙullin daddawa za ta iya biyan tikiti.

Kafin nan dai, idan akwai tsohuwa a gidanku wadda ta hau jirgin da, ki zauna da ita a wannan makon, yara suna kusa. Ki tambaye ta a wace tasha ta sauka, wa ya tarye ta, gidan wa ta kwana, su wane ne 'ya'yan gidan. Ki sa babbar 'yarki ta rubuta sunayen a littafi, ku nemi lambar wayar ko da mutum ɗaya ne daga cikinsu. Ni na fara da tamu, sunaye goma sha ɗaya na samu, kuma an yi mini alƙawarin lambar wata Hajiya a Agege kafin azumi.