Ruwan da Ya Ƙi Nuna Launi

In ka taɓa tsayawa kusa da ma'aikacin lafiya yana gwada ruwan sha, ka ga 'yar kwalbar da yake riƙewa. A daminar 2021, sa'ad da cutar amai da gudawa ta ratsa Kebbi da sauran jihohin Arewa, mu a nan Kamba mun sha gargaɗi a kan ruwan rijiya da na kogi, har sunan kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya shiga bakin jama'a. Irin wannan kwalba ce masu kula da tafkin ninkaya na manyan otal suke ɗauka kowace safiya. A cika ta da ruwa, a jefa ƙwayar da ake kira DPD, a girgiza. In akwai magani, ruwan zai rine ya zama ruwan hoda, sai a kwatanta shi da launukan da ke jikin ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a sami aƙalla rabin miligiram a lita ɗaya ta ruwan sha, minti 30 bayan zuba magani. Na ninkaya yakan tsaya tsakanin 1 da 3.

Wani lokaci kuwa a jefa ƙwaya, ruwa ya tsaya garau, ko ɗigon launi babu. Mai gaggawa zai ce babu magani, ya ƙara zubawa. Sau da yawa yana da gaskiya, gama rana tana cin kulorin, laka ma tana shanye shi, shi ya sa ruwan Kwara na Dole Kaina ko Lolo, in ya yi ja da damina, sai an bar shi ya kwanta tukuna. Amma akwai wani dalili da ba kowa ya sani ba: maganin ne ya yi yawa. In ya haura kamar miligiram 10 a lita, yakan koɗe launin da shi kansa ya haifar, kamar yadda bilic ke koɗe atamfa. Kwalbar da ba ta da magani da wadda magani ya fi ƙarfinta, kamanninsu ɗaya ne.

Mai natsuwa zai ga ja-ja ya gilma kewaye da ƙwayar kamar walƙiya, ya ɓace. Sai ya zubar da rabin ruwan, ya cika da wanda ya tabbata ba magani a ciki, ya sa sabuwar ƙwaya. Launi ya fito, ya ninka abin da ya karanta sau biyu. Wanda bai san haka ba zai yi ta ƙari har ruwa ya ci ido da fata. In na sha ne, mata su ƙi shi saboda wari su koma kogi, cutar da ake gudu ta sami ƙofa.

Ina gaya maka wannan ne domin mu ma a ikkilisiya muna ɗauke da irin kwalbar nan, muna auna juna da ita. Gwauruwa ta binne mijinta ba ta zubar da hawaye ba, sai raɗa ta fara yawo cewa zuciyarta ta bushe. Saurayi da ya saba ta da waƙa ya koma bencin baya ya yi shiru, sai mu ce bangaskiyarsa ta yi sanyi, mu tura masa dattawa da gargaɗi a kan gargaɗi. Akwai shirun da rashin kula ke kawowa, ban musa ba, mai shi kuwa yana bukatar a tsauta masa. Amma akwai shirun wanda abu ya cika masa ciki har ya koɗe masa hawaye da murya. Wanda kunyar zunubi ta riga ta danne, in ka ƙara masa tsawa, ba majami'a zai matso ba. Wani ruwa zai je ya nema.

Ka tuna da Eli, a sura ta fari ta littafin Sama'ila na ɗaya. Firist ne mai shekaru da yawa a bakin aiki a Shilo, ba sabon hannu ba. Ya ga leɓun Hannatu suna motsi, murya ba ta fita, ya yanke cewa buguwa ce, ya kuwa faɗa mata a fuska. Alhali a duk waɗanda ya gani a ranar, da wuya a sami wanda addu'arsa ta kai tata nauyi. Abin da nake girmama tsohon nan da shi shi ne, da ta amsa, ya saurara. Bai tsaya kāre karatunsa na farko ba, bai kuma nemi ta buɗe masa dukan cikinta kafin ya yarda ba. Ya sa mata albarka ya sallame ta. A ranar ta koma ta ci abinci, ita da a dā ko loma ba ta iya haɗiyewa, ga shi kuwa Sama'ila ko cikinsa ba a ɗauka ba tukuna.