Sawuna a Dausayin Viru

Da na je taro a ƙasar Estoniya, wata abokiyar aiki ta kai ni dausayin Viru, cikin gandun Lahemaa da aka keɓe tun 1971. Na zaci fadama zan gani irin tamu, mai rake da tumatir. Sai na tarar da shimfiɗar gansakuka sharkaf da ruwa, da ƙananan tafkuna masu launin shayi, da itatuwan da yunwa ta hana su tsawo.

Ruwan sama kaɗai ke shayar da wurin, ga kuma tsami a ƙasarsa, shi ya sa mataccen tsiro ba ya ruɓewa sarai. Taruwa yake yi, kimanin milimita 1 a shekara, ya zama baƙar ƙasa mai cin wuta idan ta bushe. Zurfin mita 1 ke nan aikin shekara 1000 ne. Don ƙarancin abinci, wani jan tsiro mai danƙo ƙwari yake ci. Na durƙusa na ga sauro manne a ganyensa, mazari na shawagi, daga nesa kuma ga kukan wani tsuntsu dangin gauraka.

A kan gadar katako ake tafiya. Garin ɗaukar hoto na sauke ƙafa ɗaya, ta nutse har idon sawu. Abokiyata ba ta ce uffan ba, ramin kawai ta kalla. Da muka juyo, sawuna na nan cike da ruwa. Kunya ta kama ni, ni da nake horon ɗalibai da haƙuri kullum.