Batir Biyu A Mota Ɗaya

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni fili kaɗan in sa baki cikin maganar motar ƙungiyarmu. Jama'ar zango duk sun sani, motar nan ita ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, ita ce kuma ake ɗora wa lasifika da fitilu ran biki ko taro. To, ayyukan nan biyu sun zama kishiyoyi, domin batir ɗaya suke ci. In aka yi hira da lasifika inji na kashe, da asuba sai a murɗa makulli a ji shiru, a shiga neman samari su tura. Ran da babu samari, ga mace na naƙuda, sai ƙaƙa? Shi ya sa kwamiti ya kawo shawara a ƙara batir na biyu. Shawara ta yi kyau, amma yadda za a haɗa shi, nan magana take.

Ni malamin allo ne, ba makaniki ba. Ɗan abin da na sani na samo shi cikin 2018, sa'ad da na raka ƙanena sarin tufafi birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda Turawa ke kira Kanton. Kasuwar da muka fi zama sunanta Canaan, watau Kan'ana, a unguwar Sanyuanli, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Kasuwar riguna da wanduna ce, galibin baƙin da muka tarar ciki Ibo ne, Musulmin Afirka ta Yamma kuwa sun fi taruwa a Xiaobei. Direban da ke kwashe mana diloli zuwa sito yakan yi awa uku yana jiranmu, inji a kashe, ga fanka tana juyawa, ga wayoyi kan caji, amma bai taɓa neman turi ba. Da na tambaya ta bakin tafinta, sai ya ɗaga kujera ya nuna mini batir na biyu da wata 'yar na'ura tsakaninsa da na farko. Kashegari muka je titin Yongfu, inda ake sayad da kayan mota, na ga irinta. Na rubuta bayanin duka da ajami, da na komo Kumasi na kai wa wani mai gyaran wutar mota a Suame Magazin, ya ce haka abin yake.

Ga bayanin. Batirin tashin mota kamar rumbun iri ne, na biyu kuwa rumbun ci. Manomin kirki ba ya ɗiban iri ya yi tuwo. Wanda ya ɗauki waya ya gama batir biyu kai tsaye ya rushe bangon da ke tsakanin rumbunan, lasifika za ta cinye su tare, gari ya waye da matattu biyu maimakon ɗaya. Saboda haka ake sa rile mai jin ƙarfin wuta a tsakani. In inji ya tashi, altaneta takan ba da wajen bolt 14. Da rile ya ji wuta ta haura bolt 13.3 ko kusa da haka, sai ya gama batiran su sha caji tare. In aka kashe inji wuta ta sauko wajen 12.8, sai ya raba su, kowa ya kama gabansa. Fitilu da lasifika da fanka duk a kan na biyu za a ɗaura su.

Na biyu, maganar fis. Kowane batir a sa masa nasa fis a kan wayar da ta fito daga kansa mai alamar ƙari, kusa ƙwarai, kada nisan ya kai taki ɗaya. Dalili kuwa, jikin mota duka mahaɗin ɗaya kan ne. In waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ɗaruruwan amfiya za su kwarara nan take, waya ta yi ja, robarta ta kama wuta. Tun da wayar na da batir a kowane ƙarshe, fis ɗaya bai isa ba. Wayar kuma ta zama mai kauri, ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda cikinta gorar ruwa ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. A kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana a bar ta, araha ba ta ado.

Na uku, batir iri iri ne. Na tashin mota an yi shi don ya ba da wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, ba ya jimirin a tatse shi kullum. Akwai wanda aka yi don ja a hankali, shi ya kamace mu. Ko shi ma, in na dalma ne, kada a sha fiye da rabinsa. Ga lissafi, almajiri ma ya iya: batir mai lamba 100, rabinsa 50, in kayanmu na jan amfiya 8, za su yi awa shida da 'yan mintoci. A ɗaure shi tam, a bar masa mafitar iska, gama batirin dalma na fid da iska mai kama wuta lokacin caji. In kuwa na litiyam aka zaɓa, ko motar sabuwar ƙira ce mai rage wutar altaneta da kanta, rile bai wadatar ba, sai na'urar caji ta musamman tsakanin batiran.

Har wa yau, ina jan kunnen masu ba 'yan'uwanmu matafiya sautu. Rile da fis da waya sa shiga jaka lafiya. Batir kuwa a'a. Ƙa'idar jiragen sama ta tsaida batirin litiyam na fasinja a wat 100 na awa, zuwa 160 in kamfani ya yarda, alhali mai bolt 12 lamba 100 ya kai 1,200. Kada mu jefa yaro cikin wahala a ƙasar da ba ya jin harshenta. A sayi batir nan gida.

Roƙona ga kwamiti shi ne, in kuɗin baitulmali ba su isa rile da fis biyu da waya ta gari ba, a dakata har su isa, kafin nan a riƙa aron batir dabam ran taro. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ran da za a yi aikin kuma a kira direbanmu ya tsaya a kai, a nuna masa inda kowane fis yake, a ajiye masa na canji cikin mota. Allah ya kiyaye mu, ya ƙara haɗa kanmu, amin. Wassalam.