Akwatin Tsegumi na Firenze

Kwana huɗu muka yi a Firenze, birnin Italiya da ke bakin kogin Arno, ni da mutumin da dangina a Damagaram suka sani a matsayin abokin karatuna kawai. A masauki, matar da ke karɓar baƙi ta tambaye mu gado ɗaya ko biyu, kamar mai tambayar shayi ko kofi. Sai da na waiwaya na tabbata babu mai saurare kafin na ba ta amsa.

Mai wannan irin waiwaye ba zai karanta tarihin garin nan kamar sauran 'yan yawon buɗe ido ba. A shekarar 1432 mahukuntan Firenze suka kafa wata hukuma da ake kira Jami'an Dare, aikinta farautar maza masu neman maza. Ta yi shekara 70 tana aiki, sai a 1502 aka rushe ta. Garin bai wuce mutum dubu 40 ba a lokacin, amma masanin tarihi Michael Rocke, da ya bi takardun hukumar, ya ƙiyasta cewa maza wajen dubu 17 ne sunansu ya shiga hannunta, aka hukunta kusan dubu 3, yawanci da tara. Abin ya yi suna har Jamusawan zamanin suka mai da sunan garin zagi.

Ba yawan ne ya tsaya mini a rai ba, yadda ake samo sunayen ne. Akwatuna ake ajiyewa a majami'u da wuraren taruwar jama'a, kowa na iya jefa takarda ba tare da ya sa hannu ba. Wanda kuma ya riga kowa kai kansa, ya faɗi waɗanda ya yi hulɗa da su, sai a yafe masa. Ke nan hukuma ba ta bukatar 'yan leƙen asiri da yawa. Maƙwabci ya ishe ta, da abokin sana'a mai hassada, da masoyin da tsoro ya kama. Duk wanda ya tashi a unguwar da labari ke riga mutum isa gida ya san wannan akwatin, ko da bai taɓa ganin irinsa na katako ba.

A watan Afrilu na 1476 aka jefa sunan Leonardo da Vinci, yana ɗan shekara 23. An kori ƙarar don babu shaida. Na daɗe tsaye gaban zanensa na mala'ika Jibrilu da Maryam a gidan tarihin Uffizi, aikin da ya yi a wajajen shekarun nan, ina tunanin saurayin da ke fita da safe bai san wanne daga cikin masu gaishe shi ya rubuta takardar ba.

Yau doka ta sauya. Tun 2016 Italiya ta amince mutum biyu masu jinsi ɗaya su yi rajistar zaman tare, ko da yake ba ta kira shi aure ba. Mun ga maza riƙe da hannun juna a dandalin Signoria, kusa da inda aka ƙone gawar Savonarola a 1498, mai wa'azin da ya yi ta tsine wa irinmu. Ba wanda ya ɗaga kai. Idan ma an kalle mu, launin fatarmu ake kallo. Wannan wani zancen ne dabam.

Ni dai ba Turawa nake shakka ba. A kasuwar San Lorenzo wani ɗan Afirka ta Yamma mai tallar jakunkuna ya yi mana sallama, fuska a sake, ya tambaye mu ƙasarmu. Kafin na amsa, na ga har na matsa taku biyu daga abokina. Mutumin bai yi mana komai ba, ya ma rage mana kuɗi.

Da yamma muka hau gadar Ponte Vecchio. Wata dattijuwa ta ce mu ba ta wayar ta ɗauke mu tare, muka yi mata godiya muka ƙi. Na ɗauke shi, ya ɗauke ni, kowa shi kaɗai da kogi a bayansa, saboda ƙanwata ce ke tura hotunana a WhatsApp na dangi.